Godiya ga ma'aikatan Greyhound Trust

Zuwa ga ma'aikata da 'yan sa-kai na Greyhound Trust,

Bayan gaisuwa mai yawa. Yau wata takwas ke nan da kuka danƙa mini Baƙi, karen tsere irin greyhound da ya daina gasa, na ga ya kamata in fito fili in yi muku godiya.

Kakana mafarauci ne a ƙasar Katsina, na tashi ina ganin karnukansa masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki. Da likita ya ce in riƙa tattaki kullum saboda hawan jini, sai zuciyata ta koma can. Amma na zo reshenku da ɗar-ɗar, domin ni Musulmi ne, akwai wurin salla da kwanukan abinci da ba zan yarda kare ya kusanta ba. Na faɗa muku haka, ina tsammanin za ku ga baikena.

Matar da ta karɓe ni ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta gaya mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye: wannan kare ba zai iya kwana a tsakar gida ba, fatarsa siririya ce, ba shi da kitse, sanyin Ingila zai illata shi. In ba zan iya ba shi wuri a ciki ba, gara in haƙura. Wannan maganar ce ta sa na amince da ku. Da kuka zo duba gidan, tare muka tsara komai: ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar baya ya zama nasa, aka sa ƙaramin shinge a hanyar falo.

Kun ba ni shi an yi masa fiɗiya da allurar rigakafi, ga igiya da takunkumi. Kun kuma gargaɗe ni kada in sake shi inda kyanwa ko kurege ke gilmawa, tunda duk rayuwarsa zomon ƙarya aka koya masa bi a filin tsere, kuma irinsa kan kai kilomita 70 a awa guda. Shekararsa huɗu, amma bai taɓa ganin matakalar bene ba. Daren farko ya tsaya a gindinta yana rawar jiki, ya kuma buga hanci a ƙofar gilashi. Sau uku na kira ku a makon nan, ba ku taɓa nuna gajiya ba.

Wani lokaci ina shafa kansa sai in ga lambar da aka zana masa a cikin kunne, in tuna cewa a wurin masu caca shi lamba ce kawai. An rufe filin tseren karnuka na Belle Vue na nan garinmu Manchesta a 2020, filin da aka buɗe tun 1926, amma sauran filaye na ci gaba da sallamar karnuka suna da shekara uku zuwa biyar, alhali suna iya kaiwa goma sha biyu. Tun 1975 kuke nema wa irinsu gida, Allah Ya saka muku.

Yanzu bayan sallar asuba Baƙi na bakin shingensa yana jirana. Mu yi minti ashirin a waje, mu dawo, ya miƙe ƙafafu sama ya yi ta barci har la'asar. A awon da aka yi mini na ƙarshe, jinina ya sauka.

Naku,
Wani Bakatsine mazaunin Manchesta