Rahoton Ayyukan Shekara, Yuli 2024 zuwa Yuli 2025: Ta'aziyyarmu Ga Iyalan Mamatan Jirgin MH17

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, mambobin wannan ƙungiya ta masu jin Hausa mazauna Holan.

Ni sakatarenku, a madadin kwamiti, nake gabatar da wannan rahoto. Ayyukan da muka saba suna nan yadda kuka san su: taron wata-wata bai tsaya ba, ajin koyar da yara Hausa na ranar Asabar yana ci gaba, kuma mun tsaya wa 'yan uwan da suka yi rashi gwargwadon hali. Bayanin kuɗi kuma ma'aji zai kawo shi da kansa. Abin da zan daɗe a kai shi ne aikin da babban taronmu na bara ya ɗora wa kwamiti, wato mu shiga cikin makokin da ƙasar nan take yi na mutanen da suka mutu a jirgin MH17, tunda shekarar ta zo daidai da cika shekara goma.

Saboda yaranmu da waɗanda suka zo ƙasar daga baya, bari in tuna abin da ya faru. Ranar 17 ga Yuli 2014, cikin watan azumi, jirgin kamfanin Malaysia Airlines ƙirar Boeing 777 ya tashi daga filin jirgin Schiphol zai tafi Kuala Lumpur. Da ƙarfe 3:20 na rana agogon nan, yana sararin samaniyar gabashin Yukren inda sojojin ƙasar ke gwabzawa da 'yan aware masu samun goyon bayan Rasha, makami mai linzami ƙirar Buk ya fashe kusa da hancinsa. Tarkacen ya warwatsu a gonaki da ƙauyukan yankin Donetsk. Mutum 298 ne a ciki, fasinjoji 283 da ma'aikata 15, kuma ko ɗaya bai tsira ba. Daga cikinsu 196 'yan Holan ne, 43 'yan Malesiya, sauran daga Ostireliya, Indonesiya, Birtaniya da wasu ƙasashe. Yara 80. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne an rufe sararin wurin ne zuwa ƙafa 32,000 kawai, jirgin kuma yana tafiya a ƙafa 33,000, a kan hanyar da aka ce masa a buɗe take.

Da yawa cikinmu muna nan a lokacin. Mun tuna ranar 23 ga Yuli, da aka sauke gawawwakin farko a Eindhoven, jerin motocin gawa 40 suka kama hanyar Hilversum, mutane suka cika gadoji da bakin titi babu mai cewa uffan. Mu kuwa a gida muka kalla. Shekara goma ba mu taɓa zuwa a matsayin ƙungiya mun ce wa maƙwabtanmu Allah ya ba da haƙuri ba. Wannan ne ya sa maganar ta taso bara.

Ba a amince da ita cikin sauƙi ba, kuma ya kamata rahoto ya faɗi hakan. Wani dattijo a cikinmu ya tambaya: me ya sa waɗannan kaɗai? Ya tuna mana jirgin Iran Air 655 da jirgin ruwan yaƙin Amurka ya harbo a 1988, mutum 290 suka mutu, da jirgin Yukren da dakarun Iran suka harbo bayan tashinsa daga Tehran a Janairun 2020, inda 176 suka rasu. Gaskiya ya faɗa, ba kuma wanda ya musa. Amsar da taro ya tsaya a kai ita ce, waɗancan muna tuna su cikin addu'a, amma waɗannan rasuwar unguwarmu ce. Daga filin jirgin da muke tashi suka tashi. Wasu cikin mambobinmu ma a can suke aikin ɗaukar kaya da shara. Wanda aka yi rasuwa a jikin katangarsa ba ya jira a aiko masa kafin ya je gaisuwa. Daga baya dattijon shi ne ya riga kowa sa sunansa a takardar tafiya, Allah ya saka masa da alheri.

Taron cika shekara goma na ranar 17 ga Yuli 2024, wanda aka karanta sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya a cikinsa, na iyalai ne, don haka ba mu cusa kanmu ba. Mun bari sai bayan 'yan kwanaki muka je wurin tunawa da ke Vijfhuizen, dab da Schiphol, wanda aka buɗe a 2017. Itatuwa 298 aka dasa a wurin, kowane da sunan mutum guda, ga kuma furannin nan masu bin rana, irin waɗanda suka cika gonakin da jirgin ya faɗa. Jirage na ta wucewa a sama, ƙararsu ba ta yankewa.

Abu biyu na gani a ranar da ba zan manta ba. Wata yarinya daga ajin Asabar tana bin itatuwan tana karanta sunaye, sai ta tsaya ta ce wa mahaifiyarta, "Umma, waɗannan duk sunansu na ƙarshe ɗaya ne." Uwar ba ta iya ba ta amsa ba, ta dai riƙe mata hannu. Akwai gidajen da uba da uwa da 'ya'ya suka tafi gaba ɗaya, hutun bazara za su. Na biyu, wata tsohuwa Baturiya da muka tarar tana gyara furanni a gindin wata bishiya. Shugabar matanmu ta matsa ta yi mata gaisuwa da harshen ƙasar. Matar ta tambaya ko mun rasa wani a jirgin, aka ce mata a'a, maƙwabta ne mu. Ta daɗe tana riƙe da hannun Hajiya. Ba mu tambayi sunanta ba, ba mu kuma ɗauki hoto ba; tun a mota kwamiti ya roƙi kowa ya bar wayarsa a aljihu, kuma kowa ya kiyaye.

Aiki na biyu shi ne zaman bayani a kan shari'ar, saboda mun lura jita-jita ta fi gaskiya yawo a wayoyinmu. Matasanmu da suka yi karatu a nan suka karanta takardun suka bayyana mana da Hausa. Hukumar binciken haɗura ta Holan ta tabbatar a Oktoban 2015 cewa makamin Buk ne. Tawagar masu bincike ta ƙasashe biyar, Holan, Ostireliya, Beljiyam, Malesiya da Yukren, ta gano motar harba makamin ta fito ne daga birged ta 53 ta sojojin Rasha da ke Kursk. Tun a Yulin 2015 Rasha ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu kan kafa kotun duniya, shi ya sa aka yi shari'ar a nan. Ranar 17 ga Nuwamba 2022 kotu ta yanke wa wasu kwamandojin 'yan awaren, Igor Girkin, Sergey Dubinsky da Leonid Kharchenko ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, ta wanke na huɗunsu, Oleg Pulatov, ta kuma ce a biya iyalai diyyar sama da yuro miliyan 16. Babu ko ɗaya cikin ukun da aka miƙa wa Holan. A ganina nan ne ciwon yake: an san gaskiya, an rubuta ta, amma wanda aka yi wa rashi bai ga mai laifi a gaban alƙali ba.

Cikin shekarar nan an sami ƙarin hukunci biyu. A watan Mayun 2025 majalisar hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce Rasha ta karya yarjejeniyar da ta haramta amfani da makami a kan jirgin farar hula. Ranar 9 ga Yuli kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ɗora wa Rasha alhakin harbo jirgin, har ta ce ƙin yin bincike da ci gaba da musun da take yi sun ƙara wa iyalai azaba. Rasha har yanzu tana musantawa. Mun sanar da mambobi duka biyun a kan lokaci.

Inda muka gaza, mun gaza. Mun yi alkawarin rubuta taƙaitaccen bayanin shari'ar da Hausa a raba wa kowa, ba mu gama ba. Laifin nawa ne, na bar aikin a hannun mutum biyu masu aiki da dare. Sannan ranar ziyarar motar da muka ɗauka haya ta makara sosai, har wasu iyayenmu mata suka gaji da jira suka koma gida. Muna ba su haƙuri, kuma kwamiti ya yanke shawarar a tafi da su na musamman kafin sanyi ya shigo.

Akwai mutum biyu daga cikin 298 ɗin da har yau ba a sami gawarsu ba. Mun sa iyalansu cikin addu'ar da muka yi ranar 17 ga Yulin bana, kuma kwamiti na neman amincewar babban taro a mayar da wannan addu'a da ziyarar Vijfhuizen aikin kowace shekara. Masu mota da za su iya ɗaukar dattawa, da masu jin harshen Holan da za su taimaka a kammala rubutun, su ba ni sunayensu bayan an tashi.

Allah ya ba iyalan haƙurin wannan rashi. Wassalamu alaikum.