Tarukan tuna mawaƙa a Jidda: kira ga masu shiryawa da masoya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Saudiyya, musamman na Jidda da Riyad, a kan daren da ake ɗauko mawaƙi da makaɗansa su rera waƙoƙin wani mawaƙi da ya riga mu gidan gaskiya. Sana'armu haɗa sauti da tsara wurin taro, kuma abu guda muke so a gane: hatsaniyar irin wannan dare tana da lokacinta da wurinta, ana iya saninsu tun kafin a buga kalangu na farko.

Dalilin da ya sa ake cika a waɗannan taruka a bayyane yake. An kafa hukumar nishaɗi ta ƙasar nan a 2016, wasan kiɗa ya fito fili. Rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulail da Karantina da Sabil, daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, ya warwatsa maƙwabtan da suka yi shekaru tare. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya ƙaro mana 'yan'uwa daga can, da kewar gida a zukatansu. To idan aka ce yau za a yi waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Ɗankwairo, ko Ɗan Maraya Jos, ko amadar Barmani Choge, ko na mawaƙin Sudan Mahmud Abdul'aziz, kowa zai zo da iyalinsa, alhali wurin da aka kama istiraha ce, wato gidan shaƙatawa na haya, a unguwar Harazat, da aka gina don walimar gida ɗaya.

Wanda ya je sauraron sabuwar waƙa jira yake ya ji abin da za a faɗa. Wanda ya zo daren tunawa kuwa ya haddace komai, ya san inda 'yan amshi za su karɓa, ya san baitin da ke sa shi hawaye. Saboda haka mutum ɗari uku sukan miƙe a daƙiƙa guda, su nufi wuri guda. Masoyan Mahmud Abdul'aziz, waɗanda ake kira Hawata, sun nuna wa duniya ƙarfin irin wannan ƙauna ranar da aka kawo gawarsa Khartum daga Amman a Janairun 2013. Wannan sanin da jama'a suka yi wa waƙoƙin shi ne makamin mai shiri. Ya zauna da mawaƙi kwana ɗaya kafin taro su rubuta jerin waƙoƙin, a sa alama a kan uku ko huɗun da za su tayar da jama'a, a ba kowane mai tsaro takardar. Kada a buɗe da wadda aka fi so, domin lokacin rabin mutane suna ƙofa, da sun ji ta za su danno. Kada kuma a jera masu zafi biyu a jere. Bayan kowace mai tashi a sa mai sanyi, a ba mutane damar komawa kujerunsu su sha ruwa. Sannan a fara a lokacin da aka rubuta. Jama'ar da aka ce musu bayan Isha'i, suka zauna har sha biyun dare cikin zafi, ransu ya riga ya ɓaci kafin mawaƙi ya hau.

Ga lissafin wuri. A auna tsawo da faɗi da awo na gaske. Zaure mai mita 20 da mita 15 murabba'in mita 300 ne, amma idan aka cire dandamali da teburin sauti da hanyoyin wucewa da wurin shayi, abin da zai rage bai wuce 200 ba. Mutum 2 a kowane murabba'in mita shi ne tsayuwa da walwala, wato 400 a tsaye, idan da kujeru kuma ƙasa da haka sosai. In adadin da hukumar kashe gobara ta amince wa wurin bai kai wannan ba, nata ake bi. Da cunkoso ya kai mutum 4 a murabba'in mita an shiga haɗari, idan ya kai 6 ko 7 mutum ba shi da iko da ƙafarsa, jama'a ke ɗaukarsa kamar ruwa. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a turmutsitsi ƙirjinsu ake matsewa har numfashi ya gagara, wasu ma suna tsaye. Ba Bahaushen da ke buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan bayan abin da ya faru a Mina a 2015. Abin lura shi ne zaure yana iya zama rabinsa fanko amma mita 3 na gaban dandamali sun cika maƙil, don haka mai sa ido ya tsaya a wuri mai tudu yana kallon gaba. Alamar da zai nema: kawuna suna kaɗawa tare, mutane sun kasa ɗaga hannu, yaro ya ɓace a tsakanin manya.

Sanarwa a WhatsApp ba ta da linzami, takardar gayyata ɗaya takan kai wa mutum dubu. A buga katin shiga daidai adadin wurin, a ɗaura wa kowa zare a hannu, idan sun ƙare a rufe karɓa ko da mai kuɗi ne ya zo. Kuskuren da ya fi ba mu tsoro shi ne sa kwaɗo a ƙofa ta biyu don hana masu shigowa ba kati. Ƙofa mai faɗin mita 1 tana fitar da mutum kimanin 80 a minti idan hankali kwance yake, ke nan mutum 400 minti 5 suke buƙata, kuma hayaƙi ba ya jiran minti 5. A sa mutum ya tsare ƙofar, a bar ta ba kulle, kuma kada a jibge takalma ko kwalayen ruwa a bakinta. Sashen mata, inda yara suke, shi ne sau da yawa ake ba ƙofa mafi ƙanƙanta. Wutar ado mai tartsatsi kuwa kada ta shigo ƙarƙashin rufi ko kaɗan. Ita ce ta kama silin a zauren biki na Hamdaniya a Iraƙi a Satumban 2023, mutum sama da 100 suka rasu.

Mu zo kan liƙi, inda yawancin rigima ke farawa. Ba wanda zai hana Bahaushe yi wa mawaƙi kari, haka ɗan'uwanmu na Sudan ba za a hana shi zuwa ya ɗaga hannu yana kaɗa yatsu a kan mawaƙi yana cewa abshir, kalmarsu ta jinjina, ba. Abin yi shi ne a ba al'adar hanya. A bar tazarar mita 2 tsakanin dandamali da jama'a, a kafa shingen ƙarfe mai faranti a ƙasa wanda nauyin masu tsayuwa a kansa ke riƙe shi. Igiya da kujerun roba da teburi ba shinge ba ne, da an turo sai su kife, na gaba su faɗi a kansu, na baya su hau su. Cikin tazarar a yi layi mai faɗin mita 1 da ɗan wani abu, a shiga ta dama a fita ta hagu, mutum biyar a lokaci guda, sanƙira yana kiran suna. A ajiye faranti babba a zuba kuɗin a ciki. Takardar kuɗi a kan tayil tana da santsi, yara kuma sukan kutsa tsakanin ƙafafun manya su tsinta. Ban da haka, a duba abin da ke jikin kuɗin ƙasar nan: riyal 500 hoton Ka'aba ne, riyal 100 Masallacin Annabi (SAW), riyal 50 Ƙudus. Bai dace a watsa su ƙasa ana takawa ba.

Masoya kuma, akwai magana a kanku. Akwai dattijon da ya ga Shata da idonsa, akwai matashin da aka haifa a Makka wanda ya san shi ta YouTube, kuma abin mamaki matashin ya fi tsanani. Ya haddace ɗauka guda, da mawaƙi ya sauya kalma sai ihu: ba haka yake yi ba! Wani har ya hau dandamali ya nemi karɓe makirufo ya gyara. Alhali Shata bai kasance mai maimaita waƙa iri ɗaya ba. Bakandamiya ma, wadda ake ɗauka tambarinsa, ɗauka daban-daban ce ke yawo a hannun mutane, yana ƙari yana ragi gwargwadon wurin da waɗanda ke zaune. Mai neman kwafi kalma da kalma yana neman abin da mai waƙar bai taɓa yi ba. A auna mawaƙin da abin da ya kamata: shin ya riƙe karin? Kalangu yana magana ko bugu kawai ake yi? 'Yan amshi suna shigowa a kan gaɓa? Idan an maye gurbin kalangu ko kotso da piyano mai kiɗa a ciki, wannan abin ƙorafi ne na gaskiya, amma a kai shi ga mai shiri bayan an tashi. Jifa da robar ruwa ba ya gyara kiɗa. Akwai kuma kishiyar wannan, masoyin da shauƙi ya ɗebe shi har yake ganin marigayin ne a gabansa, ya rungume mawaƙi yana kuka, ya fizge waya, ya ture makaɗi. A kama hannun irin wannan cikin girmamawa a zaunar da shi, kada a hankaɗa shi, domin hankaɗawar ce ke tayar da danginsa.

Masu shiri suna da nasu laifin a nan. Hoton marigayi ya cika takarda, sunan wanda zai yi waƙar sai an sa tabarau. A rubuta gaskiya, a faɗi kayan kiɗan da za a zo da su, kuma a nemi yardar iyalan mai waƙoƙin a ba su haƙƙinsu.

Wani abu da ba a cika tunawa ba shi ne zambo da habaici. Tsofaffin waƙoƙi cike suke da sunayen mutane na gaske, an wasa wasu an ci zarafin wasu. Waɗanda aka zage sun mutu, amma jikokinsu suna nan, kuma Jidda matattara ce, Bakano da Basakkwace da Bakatsine da ɗan Mai Wurno ta Sudan duk a zaure ɗaya suke. Mawaƙi ya tsallake baitin da ya kama sunan gida da zagi. Haka cire sunan wanda aka yi wa waƙa a cusa na wanda ya fi liƙi yau yana ƙona ran masu tsohon sunan. In za a wasa sabon mutum, a ƙara masa baiti nasa a ƙarshe.

Sauti: kullum ana cewa a ƙara. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 shi ne kada ƙara ta wuce desibel 100 a matsakaicin minti 15, kuma akwai manhajar awo a waya da za ta ba da kimantawa. Idan na baya ba sa ji, maganin ƙaramar lasifika ce a tsakiyar zaure, domin wanda ba ya ji ko ba ya gani shi ke turowa gaba. Kada a zaunar da yara kusa da lasifika. Ƙugin nan mai huda kunne yana tasowa ne idan makirufo ya fuskanci lasifika, abin da ke faruwa duk lokacin da masu liƙi suka ja mawaƙi ya sauko gaba. Wuta kuma, soket mai amfiya 13 ba ya ɗaukar fiye da wat 3,000. A jona kayan sauti da tukunyar shayi da fitilu a layi guda, sai wuta ta yanke ana tsakiyar waƙa, duhu ya rufe mutum 400. A ware wa sauti layinsa, a gwada komai a kunne na minti 30 kafin buɗe ƙofa, a rataye fitila mai batir a kan kowace mafita.

Idan abin ya fara ɓaci, mutum ɗaya tak ke da ikon tsayar da kiɗa, kuma mawaƙi ya san shi, ya san alamarsa. Makaɗa su tsaya, a kunna dukkan fitilu, a bar makirufon mawaƙi a kunne, domin shi jama'a za su saurara. Ya fara da na baya, ya ce su ja baya taku uku, da Hausa sannan da Larabci, saboda yaranmu da aka haifa a nan Larabci ya fi saurin shiga kunnensu. Wanda ya sami kansa cikin matsi ya naɗe hannuwansa a gaban ƙirji, kada ya sunkuya ɗaukar waya ko takalmi, ya riƙa zamewa gefe. Wanda ya suma a fitar da shi inda iska take, a kwantar da shi ta gefe idan yana numfashi, a kira motar asibiti a lamba 997, kada a ɗura masa ruwa a baki.

Taron da ake sayar wa kati yana buƙatar izinin hukuma, kuma izinin kariya ne ga jama'a. Inda ba a da shi kowa a tsorace yake, mai tsokana guda ya yi ihun jawazat, wato jami'an shige da fice, sai zaure ya ruɗe, mata da yara a ƙasa. Masu ɗaga waya kuma su sani dokar ɗa'a ta 2019 ta hana ɗaukar mutum hoto ba da yardarsa ba, dokar hana cin zarafi ta 2018 kuma hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 2 ko tarar riyal 100,000. A sa mai ɗauka guda a wuri mai tudu yana fuskantar dandamali kawai, a tura wa kowa bidiyon washegari, a kuma sanar da haka tun a bakin ƙofa.

Wassalam.

Daga wasu masu haɗa sauti da tsara taro,
Jidda, Saudiyya.