Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a Kan Tsofaffin Fursunoni Da Aka Sake Kamawa Da Ƙwaya

Mai girma Ministan Shari'a kuma Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ƙanena ne dalilin wannan wasiƙa, shi da ire-irensa waɗanda suka taɓa zaman gidan yari, suka fito, sannan aka sake kama su da ƙwaya.

Ya yi shekara uku a ɗaure saboda fasa shago, laifin da ya amsa da bakinsa, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa cewa an zalunce shi. A can ya koyi ɗinki. Da ya fito muka haɗa kuɗi muka saya masa keke, amma wata da watanni ko facin wando ba a kawo masa ba, domin unguwa ba ta manta ba. Zaman banza ya mayar da shi ga tiramol, har aka same shi da 'yan ƙwayoyin da ba su cika tafin hannu ba, ƙunshe a takarda cikin aljihunsa. Tun daga ranar, duk wanda muka je wa don ya tsaya masa beli, abin da yake fara tambaya shi ne ko an taɓa ɗaure shi, kuma da zarar mun ce e, sai ya kawo uzuri.

Ba na wanke shi, ranka ya daɗe, kuma na san girman annobar, tunda binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Kukana a kan doka yake. Sashe na 19 na dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko makamantanta, ba tare da ya ambaci yawan abin da aka kama ba, don haka a rubuce mai sha da dila mai kwali-kwali ma'auninsu ɗaya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta kawo hukuncin yi wa al'umma aiki a madadin ɗauri, amma sashe na 460 ya cire duk laifin da hukuncinsa ya haura shekara uku. Ke nan ƙofar da aka buɗe don masu ƙaramin laifi a rufe take ga mashayi, wanda shi ne ya fi bukatar magani.

Tsohon laifi kuwa yana bin mutum kamar inuwa, alhali tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma dokar shaida ta 2011 a ƙa'ida ta hana kawo munin halin mutum a matsayin hujja a kansa. Na yarda alƙali ya dubi tarihin mutum sa'ad da zai yanke hukunci, wannan adalci ne. Abin da ke ci mini rai shi ne a bar tarihin ya yanke hukuncin tun kafin a zauna, mutum ya yi ta zaman jiran shari'a don babu mai tsaya masa.

Ina roƙonka ka kai wa Majalisar Tarayya gyaran da zai fayyace adadin da ke raba mai sha da mai sayarwa, ya kuma ba alƙalan Babbar Kotun Tarayya ikon tura mashayi cibiyar magani ko da an taɓa ɗaure shi, muddin tsohon laifin ba na safarar ƙwaya ba ne. Ina kuma roƙon a ƙara wa Hukumar Ba Da Agajin Shari'a lauyoyi, domin yawancin waɗannan matasa ba su da kuɗin ɗaukar lauya.

Mahaifiyarmu ta lulluɓe keken ɗinkin da tsohon zane, ta hana a sayar, duk da cewa kuɗin lauya ya fara fin ƙarfinmu.

Na gode, Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wan wani matashi mai jiran shari'a