Zuwa ga ɗana, kan maganar mota da shago na biyu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan Kwarbai lafiya lau, sai godiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda, alhali daga cikin Birnin Zariya zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce. In na kira ka a waya, "to Baba, to Baba" kawai nake ji cikin hayaniyar masu sayayya, kafin in kai ga abin da ya sa na kira ka ce za ka neme ni anjima. Shi ya sa na sa aka kawo maka wannan.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wani ya yi mini murna wai ka yi mota. Na ce masa madalla, ban nuna masa a bakinsa na fara ji ba. Da na koma gida sai na haɗa wannan da saƙon da ka aiko ƙanwarka da shi, cewa in ba ka takardun gidan nan ka kai jingina don ka kama shago na biyu a Kwangila. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke cina: motar nan, daga riba ta fito ko daga uwar kuɗi?

Na san amsarka. Za ka ce kasuwa ta buɗe, POS ba ya hutawa, cinikin bana ya ninka na bara. Ban musa ba. Amma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuɗi ya yawaita a aljihun teburin kowane mai shago. Da yawa sun ɗauka arziki ne. A ce ka saro taliya katan 100 a kan naira 10,000 kowane, ka sayar a 11,000. Ka ware 100,000 ka ce riba ce, ka kashe. Ka koma kasuwar Singa ta Kano da miliyan ɗaya, ka tarar katan ya koma 12,000. Katan 83 za ka dawo da su, ban sa kuɗin mota da na masu lodi ba. Ko da ba ka taɓa ko sisi ba, 91 za ka samu. A lissafin baki ka ci riba, a kan kanta kuwa shago ya rame. Yi haka sau huɗu ka ga abin da zai rage. Don haka jari da katan da buhu ake ƙirga shi. Farashin da za ka sayar kuma, ka ɗora shi a kan yadda za ka sake sarowa gobe, ka manta da yadda ka saro jiya.

Ka san yadda ta ƙare da Baffanka. Kana aji uku lokacin, amma ba ka manta ba. Ranar da muka je kwashe kayan, na sa tsani na hau in sauko da kwalayen da ya jera har rufi, wanda duk mai wucewa ke gani ya ce Alhaji ya cika shago. Na ɗaga na farko da hannu ɗaya. Babu komai a ciki, haka na biyu, haka jerin duka. Ba caca ya yi ba, ba a yi masa sata ba. Da kaɗan-kaɗan ya cinye: yau cefane, gobe biki, jibi ɗan unguwa ya zo da takardar asibiti, duk hannu cikin aljihun tebur, babu mai rubutawa. Manomin da ya dafa irinsa ya ƙoshi ranar, damina ce ke tona shi. Wallahi in na rufe ido kwalayen nan nake gani a shagonka, kuma ba zan iya sake hawa tsanin nan ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai, da na biyo ta wurinka cikin azumi, na ga inda kake rubuta bashi: a bayan yagaggen kwali, suna da kuɗi, ba kwanan wata, wasu ma laƙabi ne kawai. Kai da aka kashe wa kuɗin jami'a! Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kai kuwa ka bar dukiyarka a kan kwalin da yaron shago zai iya hura wuta da shi. Wanda bai iya riƙe lissafin shago ɗaya ba, da wane ido zai duba biyu? Kuma Samaru ka sani, kasuwarta a wuyan ɗalibai take rataye. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas layinku ya zama kufai. Waɗanda suka tsallake su ne masu ajiyar kuɗin haya da na sari a gefe. In ta sake faruwa, tayar mota za ka ba wanda ya ba ka hayar shago?

Maganar takardun gida kuwa, na ji an ce ka yi fushi. Ka yi. Gidan nan akwai haƙƙin ƙannenka mata a ciki, kuma ka san alkawarin da na yi wa Inna kafin ta rasu. Ban da haramcin kuɗin ruwa, wanda ka fi ni sani, a ƙarshen 2024 Babban Banki da kansa ya kai nasa kashi 27.5 cikin 100, sauran bankuna kuma su ɗora nasu a kai. Wace taliya ce za ta biya wannan ta bar maka na cefane?

Kada ka ɗauka ban ga ƙoƙarinka ba. Ana gaya mini tun bayan asuba kake buɗewa, mudunka cikakke, in kaya ya lalace kana karɓa ba gardama, kuma ubangidanka na Kano bai taɓa biyo ka bashi ba. Wannan ba a saye shi da kuɗi, ina kuma gode wa Allah a kai. Abin da ya rage kaɗan ne. Ka yanka wa kanka albashi duk wata, kada ka wuce shi. Asusun shago daban, naka daban. Duk ƙarshen wata ka rufe da wuri ka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya; ko zakka ma, ɗaya cikin 40 ɗin nan, ba ta fituwa daidai sai da ƙirga. In shekara ta zagayo katan sun ƙaru, shago na biyu zai fito daga cikin na farko, ni zan fara raka ka neman wuri.

Ka zo ranar Asabar bayan isha'i da sabon littafi da kwalin nan naka, mu zauna a zaure mu kwafe. Ka zo da motar ma in gan ta, in sa mata albarka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da sukari da sabulun wanki. Ka cire kuɗinsu daga aljihunka, ka rubuta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.