Masu ciwon gaɓɓai, a yi hattara da haɗin leda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mu ja hankalin jama'a kan yadda iyayenmu da kakanninmu ke shan maganin ciwon gaɓɓai. Da zarar hunturu ya kama a Zariya, daga cikin Birni har Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, sai a aiki yaro kemis ya karɓo "na sanyin ƙashi". A ƙullo masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba kwali ba suna. Wannan haɗin ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Magungunan ciwon da akan zuba a ledar, irin su ibuprofen da diclofenac da naproxen da piroxicam, duk 'yan gida ɗaya ne. Suna hana jiki samar da wani sinadari mai suna prostaglandin, wanda ke kawo kumburi da raɗaɗi. To amma shi wannan sinadarin ne ke kare bangon ciki daga tsamin da ke narkar da abinci, shi ne kuma ke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Wanda ya sha biyu daga cikinsu tare bai ƙara samun wani sauƙin kirki ba, haɗarin gyambon ciki da ciwon ƙoda kawai ya ƙara wa kansa. Sau da yawa ma magani ɗaya ne kamfani biyu suka sa wa suna daban, don haka in da kwali a duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna.

Ga babba mai lafiyar ciki da ƙoda, ibuprofen miligiram 200 zuwa 400 ne a sha ɗaya, sau uku a yini, kada ya wuce 1,200 sai da izinin likita. Diclofenac ba ya wuce 150 a yini. Piroxicam kuwa 20 ne, sau ɗaya tak, domin yana daɗewa a jiki, kuma ya fi sauran cin ciki. A zaɓi guda ɗaya, a sha bayan an ci abinci sosai, a bi shi da ruwa cikin kofi. Shayin safe ba abinci ba ne. In an yi kwana goma ana sha ciwo bai lafa ba, asibiti za a nufa, kada a ƙara yawan ƙwaya.

In gwiwa ce ko yatsu, a fara da man diclofenac na shafawa, don kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Farasitamol ma ana iya haɗa shi da ɗayansu, muddin bai wuce giram 4 a yini ba.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa ibuprofen da 'yan gidansa ba sai likita ya gan su: mai olsa, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, mai hawan jini, mai asma, mai shan asfirin ko warfarin (maganin hana daskarewar jini), da mai juna biyu, musamman daga mako 20. Wanda ya haura shekara 65, likita kan haɗa masa da omeprazole don kare ciki. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne tsohon da ke shan lisinopril na hawan jini da maganin sa fitsari, sannan ya ɗora diclofenac a kai, ga zafin Maris da Afrilu ko ƙishin azumi. Ƙoda na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki.

Wani lokaci kuma akan sa dexamethasone ko prednisolone a cikin ledar. Ciwo zai tafi kamar an yi ruwa an ɗauke, fuska ta cika har a ce Hajiya ta yi kyau, alhali sukari da hawan jini na tashi, ƙashi na lalacewa. Wanda ya yi makonni yana shan su kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali.

Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, amai da jini, kumburin ƙafa, raguwar fitsari ko sarƙewar numfashi, kowanne ya bayyana a ajiye maganin a tafi asibiti a ranar, ko asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba ko mafi kusa. A tafi da ledar da sauran ƙwayoyin. Mai shan ƙwayoyin ciwon gaɓɓai wata da watanni kuma ya riƙa auna hawan jini, ya nemi a yi masa gwajin ƙoda.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Tudun Wada, Zariya