Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarinmu a Kan Rayuwar Dakta Ruth Simmons

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda babban taro ya amince, ƙungiyarmu ta malamai mata na manyan makarantu ta keɓe wannan shekara don nazarin aikin Dakta Ruth Simmons, wadda ta shugabanci Jami'ar Brown daga 2001 zuwa 2012. Kafin ita, babu wani baƙar fata, namiji ko mace, da ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin jami'o'in Amurka takwas da ake kira Ivy League.

Zamanmu na farko ya duba asalinta. An haife ta a 1945 a Grapeland da ke jihar Texas, ita ce auta cikin 'ya'ya 12, iyayenta kuwa noma gonar wasu suke yi a raba amfani. Ta kammala Jami'ar Dillard a 1967, ta sami digirin digirgir a Harvard a 1973, kuma a lokacin da take shugabancin Kwalejin Smith, wanda ta fara a 1995, aka buɗe sashen injiniya na farko a wata kwalejin mata zalla a Amurka.

Inda muhawara ta fi zafi shi ne kwamitin da ta kafa a 2003 domin ya binciki alaƙar Brown da cinikin bayi. Rahoton kwamitin na 2006 ya fito da labarin jirgin ruwan Sally, wanda 'yan gidan Brown, dangin da jami'ar ta samo sunanta daga gare su, suka tura gaɓar Afirka ta Yamma a 1764, ya ɗebo mutum 196, aƙalla 109 daga cikinsu suka mutu. Wasu mambobi sun ga cewa shugaba bai kamata ya tona asirin gidan da ya ba shi amana ba, amma mafi rinjaye, har da kwamitin gudanarwa, sun ɗauki wannan a matsayin aikinta mafi nauyi, domin jami'ar da ke koyar da bincike ba ta da hujjar ɓoye tarihin kanta. Shugabancinta na Jami'ar Prairie View daga 2017 zuwa 2023 kuwa, ba mu sami isasshen lokacin tattauna shi ba.

Kwamitin ilimi ya rubuta taƙaitaccen tarihinta da Hausa, an kuma raba wa ɗalibai mata na sakandare. Zaman da aka tsara a kan Farfesa Grace Alele-Williams, mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, wato Jami'ar Benin a 1985, an ɗage shi zuwa baɗi, kuma ana roƙon masu son gabatar da takarda su sanar da sakatariya kafin babban taro.