Zuwa ga Mai Tambaya kan Na'urar Gano Ƙarya

Assalamu alaikum Malam,

Tambayar da ka yi mini a shirinmu na rediyo ta fi ƙarfin ɗan lokacin da ya rage mana, shi ya sa na ga ya dace in amsa maka a rubuce. Ka ce kuɗi sun yi ɓatan dabo a wurin aikinku, shugabanni suka ce duk wanda ya san bai taɓa ba ya zo a gwada shi da na'urar gano ƙarya. Kai kuwa ba ka da hannu, har kana ganin dama ce ta wanke kai. Ka je, ko kada ka je?

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar hawa kujerar nan, ko da kuwa gaskiyarka ta kai ina.

Na'urar ba ta san ƙarya ba. Bel ake ɗaura wa mutum a ƙirji da ciki don auna numfashi, a naɗe masa damtse kamar yadda ake awon jini a asibiti, a maƙala masa wasu 'yan wayoyi a yatsu don auna gumi. Iyakar abin da take gani ke nan. Sauran hukuncin mai gwajin ne ke yanke shi. An gina ta ne a kan tunanin nan na mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To amma wanda aka ɗora wa sata, yana tunanin abincin iyalinsa da mutuncinsa, shi ma gabansa faɗuwa yake idan aka ce as. Tsoro da ɓacin rai da kunya duk suna sa zuciya dukan uku-uku, babu kuma wata alama a jikin ɗan Adam da ta keɓanta da ƙarya kaɗai.

Masu gwajin sun san da wannan, shi ya sa suke cakuɗa tambayoyi. Za a ce maka, "Ka taɓa ɗaukar abin da ba naka ba tun kana yaro?" sannan a ce, "Kai ka ɗauki kuɗin nan?" sai a kwatanta yadda jikinka ya amsa kowacce. A ganinsu mai gaskiya tambayar farko ce za ta fi tayar masa da hankali. Ni wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Duk mai hankali ya san wace tambaya ce za ta iya raba shi da aikinsa.

A Amurka aka haifi na'urar. Wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya haɗa ta a birnin Berkeley a 1921, kuma a 1923 wata kotu ta ƙi karɓar sakamakon wani gwaji irinsa a matsayin shaida, a shari'ar wani mai suna Frye. A 1988 majalisar ƙasar ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu tilasta wa ma'aikata wannan gwaji. A 2003 Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta can ta fitar da rahoto cewa idan a kan takamaiman laifi ne, na'urar ta fi cinke nesa ba kusa ba, sai dai kuskurenta ba kaɗan ba ne. Misalin da suka kawo kan tantance ma'aikata baki ɗaya ya tsaya mini a rai: a cikin ma'aikata 10,000 da 'yan leƙen asiri 10 suka saje da su, kafin a kama 8 sai an zargi marasa laifi kusan 1,600.

Masu laifin kuma suna zillewa. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA da ke sayar wa Rasha asirin ƙasarsa, ya tsallake gwajin a 1986 da 1991, sai a 1994 aka kama shi. Wani Ba'amurke mai suna Gary Ridgway, da ake zargi da kisa, ya tsallake a 1984, ya ci gaba da yawonsa, sai a 2003 ya amsa laifin kashe mata 48.

Abin da ya fi damuna shi ne hirar da ake yi bayan an cire wayoyin. Mai gwajin zai dube ka ya ce, "Na'ura ta nuna kana ɓoye wani abu." Ga gajiya, ga ruɗewa, sai mutum ya fara tono ƙananan kura-kuransa don ya yi bayani, duk kuma ana rubutawa. Idan ka ci, ba lallai ne a daina zarginka ba. Idan ka faɗi, tabon ya zauna.

Na san ƙi ma yana da nasa tsadar, domin za a yi ta yi maka kallon mai abin ɓoyewa. Don haka kada ka tsaya a "ba zan yi ba" kawai. Nemi lauya tukuna, ya gaya maka abin da dokar ƙasarku da takardar ɗaukarka aiki suka tanada. Ka rubuta wa shugabanninka cewa a shirye kake ka ba da haɗin kai, ka roƙi a binciki littattafan kuɗi, da hotunan kyamarorin tsaro, da jerin waɗanda ke riƙe da makulli. Waɗannan su ke nuna inda kuɗi suka bi.

Idan kuwa ya zama dole, ka nemi a ba ka tambayoyin tun kafin a fara, ka san wa zai ga sakamakon. Ka yi barci isasshe, ka sanar da su duk wani ciwo ko maganin da kake sha. Kada ka kuskura ka gwada dabarun yaudarar na'ura, don idan aka lura za a ɗauke shi tamkar amsa laifi. Kuma kada ka sa hannu a wata takarda sai lauyanka ya karanta.

Allah ya bayyana gaskiya, ya fitar da kai lafiya.

Wassalam,
Ɗan'uwanka